AHLUS SUFFA: BAƘIN DA MASALLACI YA ZAME MUSU GIDA



Bayan hijira a shekarar 622 Miladiyya, mutanen Madina suka raba gidajensu da Muhajirai. Amma baƙi suka ci gaba da kwararowa, wasu ba dangi, ba jari, ba wurin kwana. Da aka juya alƙibla zuwa Ka'aba, wajen wata 16 ko 17 bayan hijira, sai ɓangaren tsohuwar alƙibla ya koma bayan masallaci. Aka yi masa rumfa, ita ce Suffa, a nan waɗannan bayin Allah suka sauka.

Adadinsu yana ƙaruwa, yana raguwa. Abu Huraira (RA), wanda ya zo a shekara ta 7 bayan hijira kuma ya zauna cikinsu, ya ce ya ga mutum 70 daga cikinsu, babu mai cikakkiyar sutura.

Ciyar da su yana da tsari. Idan sadaka ta zo wa Manzon Allah (SAW), sai ya aika musu ita duka. Idan kyauta ce, ya ci tare da su. Ya umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku gidansa. Wani dare Abubakar (RA) ya ɗauki uku, Manzon Allah ya ɗauki goma. Ansar kuma suna rataye zangarniyar dabino a masallaci don mai yunwa ya ci ba tare da ya roƙa ba. Da wasu suka kawo marar kyau, aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hani ga sadaka da abin da mai shi ba zai so a ba shi ba. Hatta Fatima (RA), da ta nemi mai taya ta aiki, mahaifinta ya gabatar da yunwar mutanen Suffa a kan buƙatarta.

Suffa kuwa zango ce. Wanda ya sami sana'a ko aure sai ya tashi, wani ya maye gurbinsa. A zamansu suna haddar Alƙur'ani, suna koyon hadisi. Abu Huraira, da yunwa kan kayar da shi a masallaci, ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi, har Umar (RA) ya naɗa shi gwamnan Bahrain.

Yau a jihar Maraɗi akwai dubban ƴan gudun hijira da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019. A Difa ma akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Haƙƙinsu a kanmu shi ne wanda Madina ta sauke: abinci mai kyau ba tare da wulaƙanci ba, karatu ga ƴaƴansu, da sana'ar da za ta fitar da su daga zaman jiran taimako. Duk mai fitar da zakka ko sadaka bana, ya tambayi limamin unguwarsa inda suke.

Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Amin.