Ɗaga Ƙafafun Mota Don Hanyar Yashi: Amfaninsa, Illarsa Ga Farfela Da Hanyoyin Gyara

Ɗaga ƙafafun mota shi ne ƙara tazarar da ke tsakanin gangar jikinta da ƙasa, ta hanyar sauya sifirin da shokozoba ko sanya musu tallafi. A arewacin Jihar Jigawa, inda ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suke, aikin ya zama ruwan dare a kan motocin akori-kura da na shiga daji, musamman Toyota Hilux da Land Cruiser. Sai dai sau da yawa mai mota kan biya kuɗin ɗagawa, bayan 'yan makonni kuma ya koma gareji da kukan jijjiga da ƙugi a ƙarƙashinta. Wannan jijjiga tana da dalili sananne, kuma ana iya auna ta kafin ta ci kuɗi.

Me ya sa ake ɗagawa

Ƙasar wannan yanki jigawa ce mai rairayi, daga irinta ma jihar ta samo sunanta lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Tun zamanin da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Gagarawa Tasha, wajen 1930, kayan gona daga ƙauyuka suke fitowa zuwa bakin babbar hanya. A yau riɗi, zoɓo, gero da dabbobi ne ke bin waɗannan hanyoyi zuwa Gumel, zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, a kan iyakar Jamhuriyar Nijar. Da zarar an sauka daga kwalta, sai sawun amalanke da na manyan motoci: ramuka biyu masu zurfi da tudun yashi a tsakiya. Tudun nan ne yake tokare cikin mota har ta kafe. Ɗan kasuwa mai sayen amfanin gona da ma'aikacin lafiya ko na gona da ke zagayen ƙauyuka duk wannan matsala suke gudu.

Ire-iren ɗagawa

Hanya ta farko ita ce ɗaga bodi kaɗai, a sanya tallafi tsakaninsa da shasi. Wannan yana ba manyan tayoyi wuri, amma inji, giya da farfela suna nan inda suke. Hanya ta biyu ita ce ɗaga ƙafafun kansu: a sa sifirin mai tsawo, ko a ƙara falle a sifirin na baya, ko a sa tallafi a saman shokozoba na gaba. A nan shasi da duk abin da ke ɗaure a jikinsa suna tashi sama, aksul na baya kuwa yana zaune a kan tayoyinsa.

Abin da ya kamata mai mota ya fahimta shi ne, wurin da ya fi kusa da ƙasa a yawancin waɗannan motoci tulun aksul ne, wato kumburarren wurin da ke tsakiyar aksul na baya. Komai tsawon sifirin, tulun nan ba ya motsawa. Girman taya kaɗai ke ɗaga shi, shi ma da rabin ƙarin da aka samu. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 265/70R17 kuma kusan 803. Bambancin milimita 27 ke nan, amma tulun aksul zai tashi da kusan 13 kacal. Haka kuma agogon gudu zai riƙa rage lissafi: idan ya nuna kilomita 100, motar tana kan kusan 103.

Yadda ɗagawa ke shafar farfela

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksul. A kowane bakinta akwai gaɓa mai siffar gicciye, wadda makanikai ke kira kuros, ita ke ba sandar damar juyawa ko da a karkace take. Wannan gaɓa tana da hali guda: idan tana aiki a karkace, ɓangaren da ake juyawa yakan yi sauri ya yi jinkiri sau biyu a kowane zagaye. A karkatar digiri 10 bambancin ya kai kusan kashi 1.5 cikin ɗari sama da ƙasa. A digiri 30 kuwa ya kai wajen kashi 15. Masu ƙera mota suna kashe wannan ta hanyar daidaita karkatar gaɓar gaba da ta baya, yadda abin da ɗaya ta ɓata ɗayar za ta gyara.

Ɗagawa tana rusa wannan daidaito, domin giya ta yi sama, aksul yana ƙasa. Gwargwadon gajartar farfela, gwargwadon tsananin karkatar. Ƙarin santimita 5 a kan farfela mai tsawon mita 1.2 yana ƙara kusan digiri 2.4, a kan mai santimita 60 kuwa kusan digiri 4.8. Idan aka ninka ɗagawar zuwa santimita 10, gajerar farfela za ta ƙaru da fiye da digiri 9. Ƙa'idar da masu ƙera farfela suka saba bayarwa ga motar da ke gudu a kan kwalta ita ce, karkatar kowace gaɓa ta tsaya kusa da digiri 3, bambancin da ke tsakanin biyun kuma kada ya wuce digiri 1.

Ƙafafun gaba suna da nasu lissafin. Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fara fitowa a 1984, aksul ɗinta na gaba sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya. Ɗagawa tana sauya yadda sitiyari ke komawa tsakiya, sai motar ta riƙa yawo a hanya. Hilux ta 2005 zuwa yau kuwa kowace ƙafar gaba zaman kanta take, kuma gajerun shaf biyu ne ke kai mata ƙarfi. Idan aka ɗaga ta da yawa, shaf ɗin suna aiki a karkace kullum, robar da ke rufe gaɓoɓinsu tana gogar kanta har ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Boljon na sama shi ma yakan kai maƙurar motsinsa. Saboda haka ne ake ɗaukar santimita 5, wato inci 2, a matsayin iyakar da ba ta buƙatar sauye-sauye masu yawa a irin wannan mota.

Alamomi da abin da suke nufi

Kakkarwa lokacin tashi daga tsaye, musamman da kaya, tana nuni ga karkatar farfela, ko ga boris ɗin tsakiya a motar da farfelarta biyu ce a haɗe. Jijjigar da ke zuwa idan an taka totur, ta ragu idan an saki, ita ma yawanci ta karkata ce. Wadda ke nan a wani gudu na musamman ko an taka ko an saki, a fara duba daidaiton tayoyi, ko a ga ko farfela ta lanƙwashe. Ƙarar ƙwas yayin sa giya ko komawa ribas alamar kuros ya ci ce. Ƙaf-ƙaf lokacin karya kwana kuwa daga gaɓar shaf ta waje yake fitowa. Kuros ɗin da ya ci ba abin jinkiri ba ne, domin idan na gaba ya tsinke a guje, farfela tana iya cakar ƙasa ta fizge motar.

Hanyoyin gyara

Matakin farko awo ne. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri da irin kayan da ta saba ɗauka, a auna gangarar giya, ta farfela da ta bakin aksul, da ma'aunin karkata ko manhajar wayar hannu. Bambancin da ke tsakanin kowane biyu shi ne karkatar gaɓar da ke wurin. Ya fi kyau a yi awon kafin ɗagawa da bayanta.

Idan karkatar baya ta yi yawa, ana sa siririn ƙarfe mai gangara tsakanin sifirin da aksul domin juya bakin aksul kaɗan. Na ƙarfe ya fi na alminiyam jure kaya. Idan farfela biyu ce, ana sauko da boris ɗin tsakiya da 'yan milimitoci, ana gwadawa a hanya har kakkarwar ta ɓace. A ɗagawa mai yawa ana sauya farfela da mai tagwayen kuros a bakin giya, a nan kuma bakin aksul zai fuskanci farfelar kusan kai-tsaye. A gaban Hilux ana sauko da tulun gaba kaɗan, a sauya hannun ƙafa na sama. A duk lokacin da za a kwance farfela, a yi mata alama da fenti, domin idan aka mayar da kunnuwan gaɓoɓin biyu ba a layi ɗaya ba, jijjiga za ta zo ko da karkatar daidai take.

Akwai abubuwan da ake yawan mantawa: tiyon birki da wayar na'urar birki su isa tsawo idan ƙafa ta sauka iyakarta, bawul ɗin da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon kaya, a motocin da ke da shi, a sake saita shi, a yi alayimen, a sauko da hasken fitilu. Mai sayen kaya a Ƙofar Ruwa da ke Kano ya tafi da lambar shasi, kuma ya zaɓi kuros mai bakin giris, domin ƙurar hunturu da taɓon damina suna buƙatar a riƙa ɗura masa a kai a kai.

Tsaro da zaɓi mafi sauƙi

Motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa, domin nauyinta ya koma sama alhali faɗin ƙafafunta bai ƙaru ba. Idan aka ɗora buhuna har saman rufi, haɗarin yana ƙaruwa a kwana da wajen kauce wa dabba. Ma'aikacin da ke riƙe da motar hukuma ko sabuwar mota ya nemi izini a rubuce, ya kuma duba sharuɗɗan garanti da na inshora kafin a taɓa ta.

A yashi, rage iskar taya zuwa wajen psi 18 ko 20 yana shimfiɗa ta a kan rairayi, kuma sau da yawa ya fi ɗagawa amfani, da sharaɗin a tafi a hankali, a mayar da iskar kafin hawa kwalta. Giyar okzilare a sa ta kafin shiga yashi, a cire ta a kan busasshiyar kwalta, domin a motocin da ba kullum ƙafa huɗu ke ja ba, barin ta a ciki yana murɗe farfela da akwatin okzilare. Wanda ya gwada waɗannan, ya sabunta sifirin ɗin da ya kwanta, amma har yanzu cikin motarsa na taɓa tudu, shi ne ya dace ya ɗaga, ya tsaya a santimita 5, ya kuma ware kuɗin awo da gyaran karkata a cikin kasafin aikin tun daga farko.