Gwatemala: Biranen da Aka Gina, Aka Kuma Bari

Gwatemala ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, tana kudu maso gabashin Meziko. Da yawa daga masu zuwa yawon buɗe ido a cikinta wurare uku suke nufa: kufan Tikal na mutanen Maya a kurmin arewa, tsohon birnin Antigwa da Sifaniyawa suka gina a tsaunukan kudu, da duwatsu masu aman wuta da suka kewaye shi. Tikal da Antigwa duka manyan birane ne da masu su suka tashi suka bari, kuma tashin nan ne ya sa suka wanzu har aka sami abin kallo a yau. Hukumar UNESCO ta sanya su biyun cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekara guda, 1979.

Tikal ce ta fi tsufa. Tana lardin Peten, ƙasa mai zafi da duhun daji, kuma ta yi tashe tsakanin shekara ta 200 da ta 900 Miladiyya. Mutanenta suna da rubutu, suna da lissafi mai sifiri, suna da kalanda, kuma sukan sassaƙa labarin sarakunansu a jikin dogayen duwatsu har da rana da shekara. Daga waɗannan duwatsu aka san cewa a shekarar 378 wani jagoran yaƙi mai suna Siyaj K'ak' ya iso daga ɓangaren Teotihuacan, babban birnin tsakiyar Meziko, kuma a ranar da ya iso sarkin Tikal ya mutu. Rubutun bai ce kashe shi aka yi ba, amma da wuya a ce dacewa ce kawai. A 562 Tikal ta sha kashi a hannun abokiyar gabarta Kalakmul da ƙawarta Karakol, aka yi fiye da shekara ɗari birnin yana shiru. Sai a 695 sarki Jasaw Chan K'awiil ya rama wa gidansu, ya ci Kalakmul da yaƙi. Dalar da aka fi ɗauka a hoto, mai tsayin mita 47, a kan kabarinsa aka gina ta. Wadda ta fi ta tsayi, kusan mita 70, an gina ta a zamanin ɗansa, kuma ita ce baƙi ke hawa ta matakalar katako da asuba, su ga kawunan sauran daloli sun leƙo ta saman itatuwa, birai na ruri a ƙasa.

Abin da ya fi dalolin ban mamaki shi ne ruwa. Babu kogi a Tikal. An shafe filaye da hanyoyin birnin da farar ƙasa, aka karkata su yadda ruwan damina zai gangara cikin manyan tafkunan da aka haƙa, da shi dubban mutane ke cin rani. Birnin da ya dogara da irin wannan tsari ba ya jure fari na shekaru a jere. Dutse na ƙarshe mai kwanan wata an kafa shi a 869, kuma kafin a yi wani ƙarni daji ya rufe fadar. Masana suna danganta faɗuwar da fari, da yaƙe-yaƙe, da sare itatuwa, da yawan jama'a da ya fi ƙarfin gonaki. Masu cewa Turawa ne suka rushe Tikal sun yi kuskure da kusan shekara 600. Jagoran Sifaniyawa Hernán Cortés ya ratsa yankin a 1525, bai ko ambaci birnin a wasiƙunsa ba.

Mutanen karkara ba su manta da wurin ba, amma a hukumance sai a 1848 Modesto Méndez da Ambrosio Tut suka je suka rubuta rahoto. Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta yi haƙa a wurin daga 1956 zuwa 1970. A 2018 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi daga jirgin sama da na'urar haske mai ratsa ganye, wanda ya nuna gine-gine fiye da 60,000 a ƙarƙashin dajin Peten. Abin da baƙo ke gani ɗan kaɗan ne. Tuddai da yawa da yake wucewa a gefen hanya gine-gine ne da ba a tone ba.

Mai zuwa Tikal yakan kwana a Flores, wani ƙaramin tsibiri a tafkin Peten Itza. A nan Nojpeten take, masarautar Maya ta ƙarshe mai cin gashin kanta, wadda ba ta faɗa hannun Sifaniyawa ba sai a watan Maris na 1697.

A kudu kuwa mamayar ta riga haka da nisa. Jagoran Sifaniyawa Pedro de Alvarado ya shigo a 1524, ya ci mutanen Maya na K'iche' da yaƙi da taimakon maƙwabtansu Kaqchikel, ya kafa hedkwatarsa a Iximche, birnin Kaqchikel ɗin. Ƙawancen bai daɗe ba, don zinariyar da ya ɗora musu ta sa suka yi tawaye. A 1527 aka mayar da hedkwata gindin Agua, dutse mai aman wuta. Alvarado ya mutu a Meziko a 1541 bayan doki ya danne shi, matarsa Beatriz de la Cueva ta karɓi mulki a watan Satumba na wannan shekara. Kwana biyu ta yi a kai. Bayan ruwan sama na kwanaki, laka da duwatsu suka zubo daga Agua cikin dare suka binne garin, har da ita.

Gini na uku shi ne wanda ake kira Antigwa a yau, an fara shi a 1543 a kwarin Panchoy, tafiya kaɗan daga wanda ya nutse. Daga nan aka mulki yankin da ya taso daga Chiapas har Kosta Rika na fiye da shekara 200. An kawo injin buga littattafai a 1660, aka kafa Jami'ar San Carlos a 1676. Tituna a miƙe suke, sun gitta juna, an shimfiɗa musu duwatsu, da dandali a tsakiya. Magina sun koyi darasi daga ƙasar da suke kai mai yawan girgiza: katangu masu kauri, hasumiyoyi gajeru, gidaje yawanci ba bene. Cocin La Merced, wanda aka gama a 1767, ya nuna wannan salo, ga ado a fuska ga jiki a durƙushe. Shahararriyar gadar Santa Catalina mai launin rawaya da ta haye titi an gina ta ne don mata masu zaman zuhudu su tsallaka daga wannan gini zuwa wancan ba tare da an gan su ba. Littattafan yawon buɗe ido ba su cika faɗin waɗanda suka ɗauko duwatsun ba: 'yan ƙasa ne da aka tilasta wa aiki, da bayi da aka kawo daga Afirka.

Kaurin katanga bai hana komai ba. Girgizar ƙasa ta 1717 ta yi ɓarna mai yawa, ta ranar 29 ga Yuli 1773 kuwa ta gama da birnin. Sai gardama ta tashi. Gwamna Martín de Mayorga ya ce a tashi, Akbishop Pedro Cortés y Larraz ya ce a zauna a gyara, don dukiyar coci a nan take. Sarkin Sifen ya goyi bayan gwamna, a 1776 aka kafa Birnin Gwatemala na yanzu, aka kwashe ƙofofi da gumaka da duk abin da zai ɗauku. Waɗanda suka ƙi tashi suka ci gaba da zama a tsakanin kangaye. Da yake kuɗi da mulki sun koma wani wuri, ba wanda ya rushe tsohon gini don ya kafa sabo. Babban cocin garin har yanzu gabansa kawai ake amfani da shi, bayansa ginshiƙai ne a tsaye ba rufi.

Tushen wannan rashin zama lafiya yana ƙarƙashin ƙasa. A gaɓar tekun Fasifik wani ɓangaren ɓawon duniya yana nutsewa ƙarƙashin wani, dutsen da ya narke yana tasowa, shi ya haifar da jerin duwatsu masu aman wuta. Ta kwarin Motagua kuma akwai wata tsaga, wadda motsinta ya kashe mutum kusan 23,000 a ranar 4 ga Fabrairu 1976. Duwatsu uku ne ke tsaye a kan Antigwa: Agua mai mita 3,760, Fuego mai kusan tsayi ɗaya da shi, da Acatenango mai mita 3,976. Matafiya sukan hau Acatenango su kwana cikin tsananin sanyi don su kalli Fuego yana watsa wuta da dare. Kallo ne mai kyau daga nesa. Ranar 3 ga Yuni 2018 toka mai zafi da iskar gas suka gangaro daga Fuego suka shafe ƙauyen San Miguel Los Lotes, aka tabbatar da mutuwar mutum wajen 200, wasu ba a gan su ba har yau. Duk da haka mutane ba sa barin gindin duwatsun, saboda tokar nan ce ke ba ƙasa albarkar da ake noman masara da wake da gahawar Antigwa mai tsada.

Yamma da nan akwai tafkin Atitlan, wanda ya cika ramin da wani gagarumin aman wuta ya bari dubban shekaru da suka shuɗe. Zurfinsa ya wuce mita 300. Ƙauyukan bakinsa na Tz'utujil da Kaqchikel ne, kuma a nan baƙon da ya ɗauka Maya sun ƙare tare da Tikal yake gane ba haka ba ne. Ƙidayar 2018 ta nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Gwatemala Maya ne, suna magana da harsuna 22. A Chichicastenango, inda wani limamin coci Francisco Ximénez ya kwafi littafin K'iche' mai suna Popol Vuh a farkon ƙarni na 18, har yanzu ana ƙona turare a matakalar cocin Santo Tomás bisa al'adar kakanni. Mutanen Maya ne kuma suka fi shan wuya a yaƙin basasar 1960 zuwa 1996. Hukumar binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ƙiyasta mutum 200,000 aka kashe ko suka ɓata, fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ta tantance Maya ne. A Santiago Atitlan sojoji sun buɗe wuta kan jama'ar da ba ta da makami a Disamba 1990, mutanen garin suka matsa har gwamnati ta janye sansanin soja daga garin, shekara shida kafin a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya.