Wasan Badminton: Asalinsa, Yadda Ake Yi, da Abin da Za Ka Kiyaye

Idan likita ya ce ka riƙa motsa jini amma gudu ya gundure ka, badminton na iya yi maka. Raket biyu, raga da abokin wasa sun isa.

Wasan ya samo asali ne daga wani tsohon wasan yara na bugun ƙwallon gashin tsuntsu, wanda aka daɗe ana yi a Turai da Asiya. Hafsoshin sojan Birtaniya da ke Indiya, musamman a garin Puna, sun riƙa yin sa da raga a tsakani wajen 1870. Sunan kuwa na wani gidan sarauta ne a Ingila, Badminton House. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1934, ya kuma shiga gasar Olamfik sosai a Barcelona a 1992.

Tsawon fili mita 13.4 ne, faɗinsa mita 6.1 idan bibbiyu ake bugawa, tsayin raga kuma mita 1.55 a gefe. Ƙwallon ba ta wuce giram 5 da 'yan kai ba: gashin dinya ko agwagwa 16 ne aka kafa a kan ɗan toshiya, akwai kuma ta roba mai arha. Za ka buga ta ta haye raga, ka ci maki idan ta faɗi a ɓangaren abokin karawarka. A tsarin da aka fara a 2006, wanda ya riga kai maki 21 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye biyu cikin uku ya yi nasara. Iska tana kwashe ƙwallon, shi ya sa ake gasa a cikin ɗaki.

Kada rashin nauyinta ya ruɗe ka. Wasan yana sa haki, kuma yana shiga cikin minti 150 na motsa jini a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar manya. Targaɗen idon sawu da ciwon gwiwa sun fi yawa. Tsinkewar agara ta fi samun magidancin da ya daɗe bai motsa ba: zai ji kamar an doke shi a bayan ƙafa, ya kasa ɗage dunduniya. Wannan na asibiti ne, ba na mai ɗori ba. Ka ɗumama jiki minti goma kafin ka fara.

Ido ma yana cikin haɗari, domin kan ƙwallon ƙarami ne, yana shiga kwarmin ido kai tsaye. Idan bibbiyu kuke, kada ka waiwaya lokacin da na bayanka zai buga. In ta same ka gani ya dushe ko ka ga jini, kada ka murza, ka je asibitin ido a ranar.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara. Mai suga da ke kan insulin ya riƙe dabino ko alewa a aljihu. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya guji rana tsaka. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi sama-sama, ka ajiye raket nan take a kai ka asibiti.