Manufar Hukunci a Dokokin Nijeriya: Tsakanin Sakayya da Gyaran Hali

Alƙalin da ya sami mutum da laifi yana da sauran tambaya a gabansa, wadda sau da yawa ta fi ta farko nauyi, wato abin da ake son hukuncin ya haifar. Masana falsafar shari'a sun daɗe da rabuwa a kan wannan. Ɓangaren Immanuel Kant na Jamus yana ganin hukunci sakayya ne, ma'ana mai laifi ya ɗanɗana gwargwadon abin da ya aikata domin ya cancanci hakan, ko da horon bai amfani kowa ba. Ɓangaren Cesare Beccaria na Italiya, wanda littafinsa kan laifuka da hukunce-hukunce ya fito a 1764, da Jeremy Bentham na Ingila, yana auna hukunci da amfaninsa nan gaba, kuma Beccaria ya kafe a kan cewa tabbacin za a kama mutum a hukunta shi ya fi tsananin horo hana aikata laifi. Daga wannan ɓangare na biyu ne ra'ayin gyaran hali ya samo ƙarfinsa, wato a yi amfani da lokacin hukunci a sauya ɗabi'ar mai laifi ta hanyar ilimi da sana'a da magani.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan muhawara ba ce, domin fiƙihun Malikiyya da alƙalai suka yi aiki da shi kafin zuwan Turawa ya rarrabe manufofin tun a tsarinsa. Haddi horo ne ƙayyadadde da alƙali ba ya ragewa ko ƙarawa. Ƙisasi haƙƙi ne na wanda aka zalunta ko magadansa, waɗanda suke da ikon yafewa ko karɓar diyya. Ta'aziri kuwa an bar shi ga ijtihadin alƙali da nufin ladabtarwa. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 bisa samfurin dokar Sudan mai tushe a dokar Indiya ta 1860, ya ɗora nauyin hukunci a kan ɗauri da tara, sai wanda aka cuta ya koma galibi matsayin shaida a shari'ar da ta taso daga asararsa.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, inda sashe na 401 ya zayyana wa kotu manufofi bakwai, ciki har da killace mai laifi, da tsoratarwa domin ya zama izina, da gyaran hali, da sakayya, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Rauninta shi ne ba ta fifita wata manufa a kan wata ba, alhali sukan ci karo da juna. Matashin da ya saci wayar salula a karon farko, idan izina ake nema sai a tsawaita ɗaurinsa, idan gyara ake nema sai a nisanta shi da zama cikin riƙaƙƙun ɓarayi, idan kuma haƙƙin mai waya ake dubawa sai a bar shi a waje ya yi aiki ya biya. Alƙalai biyu za su iya yanke masa hukunci mabambanta ƙwarai, kuma kowannensu ya kafa hujja da sashe guda.

A 2019 aka sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, ta kuma kafa reshen hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima, da sakin fursuna bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. Har ma ta ba jami'an hukumar damar ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika bayan an sanar da babban alƙalin jiha, abin da ba kasafai ake jin an aiwatar ba. Amma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma wanda kotu ba ta tabbatar wa laifi ba babu hujjar a ce za a gyara halinsa, ballantana a tsara masa koyon sana'a na shekara biyu alhali ba a san ranar fitarsa ba. Cibiyoyin karatu da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa ta buɗe a gidaje irin su Kuje da Kirikiri abin yabo ne, sai dai kaɗan ne suke cin moriyarsu.

Saboda haka gyaran hali a kotu yake farawa, wurin bayar da beli da zaɓen nau'in hukunci, tun kafin gandiroba ya karɓi kowa. Yawancin fursunoni dokokin jihohi suka karya, kotunan majistare da na shari'ar Musulunci ne suke tura su, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun sami ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Jihar da ba ta ɗauki jami'an sa ido a kan masu hidimar al'umma ba, ta bar alƙalanta da zaɓi biyu, tara ko ɗauri, kuma talakan da ya kasa biyan tarar, ɗaurin zai yi.