Abubakar Uku, Kowa Da Alƙalaminsa

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, ina aji uku a sakandare malamin Hausa ya tambaya wa ya rubuta Shaihu Umar, na yi wuf na ɗaga hannu na ce Abubakar Imam. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu da nake rubuta nawa littattafan sai na lura ashe ba ni kaɗai ba ce, mata da yawa da zarar sun ji Abubakar a bangon tsohon littafi shi ke nan Imam ne.

To amma ki yi mini uzuri. Shi Imam an haife shi 1911, Abubakar Tafawa Balewa kuma 1912, dukansu Kwalejin Katsina suka yi, dukansu malaman makaranta ne, kuma gasa ɗaya suka shiga, wadda Bature Rupert East ya shirya a 1933. Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Tafawa Balewa ya kawo Shaihu Umar. Abin da ya ƙara ruɗa ni, Kagara ce mahaifar Imam, shi ma Umar na cikin littafin ɗan Kagara ne.

Daga nan hanya ta rabu. Imam ya riƙe alƙalami, ya koma Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku cur, wanda aku ke ta zuba wa ɗan sarki labari don kada ya fita. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1943 aka je da shi Ingila cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Ya rasu 1981.

Akwai na uku, Shaihu Abubakar Gumi, sai dai shi ba ya ɓace wa iyayenmu, don muryarsa suka sani a tafsirin azumi na rediyon Kaduna. Ya yi aikin kula da alhazanmu a Jidda, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987. A London Allah Ya karɓi ransa, 1992.

Shi kuwa Tafawa Balewa siyasa ce ta ɗauke mana shi. Ya zama Firayim Minista a 1957, kuma shi ya tsaya ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 da aka karɓi Nijeriya. Sojoji suka kashe shi a Janairun 1966, kabarinsa na Bauci. Hotonsa ne a jikin naira biyar, mun sha miƙa shi wajen mai kayan miya ba mu san marubuci ba ne.

Ni dai in za a bar ni in faɗi son raina, Imam ya fi iya ba da dariya, wa zai manta Malam Zurƙe? Amma wanda ya san zuciyar mace Tafawa Balewa ne. Duba uwar Umar. An sace mata ɗa yana ƙarami, ba ta zauna tana kuka a ɗaki ba, ta bar gida ta bi sawunsa ita kaɗai, a hanya aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, aka ƙetare sahara da ita har Tarabulus. Can ta sadu da shi ya girma ya zama malami, ita kuwa wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika.

Da muna makaranta tsallake wurin nake yi don in kai ƙarshe. Sai bayan na haihu na sake ɗaukar littafin, da daddare, yaro na barci a gefena. Wallahi da na zo wurin nan ajiye shi na yi na jawo ɗana jikina, ban iya ƙarasawa ba sai washegari.