Yadda maganin taɓin hankali ya shiga jinyar masu ƙin abinci

Har yau likitoci na ja-in-ja kan ko ya dace a ba budurwar da ke hana kanta abinci maganin taɓin hankali. Muhawarar ta haura shekara sittin.

Ciwon kansa tsoho ne. Richard Morton ya bayyana shi a Ingila tun 1689, William Gull kuma ya raɗa masa suna anoreksiya a 1873. Daga nan aka yi ta fama da hutu a gado, madara, da raba mara lafiya da danginta.

A 1952 aka fara ba masu taɓin hankali maganin Largactil a Faris. Shekara takwas bayan haka Peter Dally da William Sargant na asibitin St Thomas da ke Landan suka haɗa shi da allurar insulin, suka ba masu ƙin abinci. Nauyi ya hau da sauri. Amma wasu suka riƙa faɗuwa kamar masu farfaɗiya, wasu suka koma ci ba ƙaƙƙautawa sannan su tayar da amai. Da aka bi sawunsu zuwa 1966, ba su fi waɗanda ba a ba su maganin ba samun sauƙi ba.

Wasu na cewa dalilin gwajin shi ne ciwon ya yi kama da ruɗewar tunani: yarinya ta tsaya gaban madubi, ana ƙirga haƙarƙarinta, tana rantsuwa ta yi ƙiba. Ni ban gamsu ba. Abin da ya fi jan likitoci, a ganina, shi ne ƙibar da magungunan ke sawa, wadda sauran marasa lafiya ke kuka da ita. Dubi olanzafin: yana fitowa kasuwa a 1996, aka ga yadda yake buɗe ciki, sai aka juyo da shi kan masu ƙin abinci.

Gwajin olanzafin mafi girma shi ne na Evelyn Attia a 2019, mutum 152 cikin mako 16. An ɗan samu ƙarin nauyi, amma tunanin da ke addabar su bai ragu fiye da na masu shan ƙwayar da ba magani a ciki ba.

A 2017 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce kada magani ya zama shi kaɗai ne jinyar, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya don wannan ciwo ba. Ina tare da su. A ba da olanzafin idan rai na cikin haɗari, amma tare da abinci, jinyar tunani da sa hannun iyaye.