Daga Sikelin Gyaɗa zuwa Buhun Taki: Gwamnati da Manomi a Ƙasar Gumel

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin huldar kuɗi tsakanin gwamnati da manoman Ɗanzomo da sauran ƙasar Gumel, watau Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. A Amurka, tun 1933 gwamnati take biyan manomi kuɗi kai tsaye. A Nijeriya kuwa, tarihi ya nuna cewa manomi ne ya fara tallafa wa gwamnati.

Asalin al'amarin gyaɗa ce. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka dinga sayenta, sa'an nan wajen 1930 aka kai dogo Nguru, ya ratsa ta Gagarawa. Ƙasar Gumel jigawa ce mai rairayi, irin wadda gyaɗa take so, ga kuma haraji da sai da kuɗi ake biyansa. Saboda haka talaka ya raba gonarsa tsakanin gero da gyaɗa.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita kaɗai take da ikon fitar da gyaɗa waje, ita take yanke farashi kafin kaka, ejan-ejan masu lasisi su saya a madadinta. Hujjar da aka kafa ita ce, za a ajiye rarar shekarar tsada domin a cika wa manomi a shekarar araha. Amma galibin rarar ayyukan gwamnati ta tafi. Wannan haraji ne wanda ba a rubuta wa manomi rasiɗinsa ba, kuma babu mai kuɓuce masa, domin kowane buhu sai ya hau sikeli.

Farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 su suka rushe wannan tsari. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, kuɗin man fetur suka cika baitulmali, sai gwamnati ta juya ta zama mai bayarwa. A 1976, ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta karɓi sayo takin zamani da rarraba shi, tana ɗauke fiye da rabin kuɗinsa. Shugaba Shagari ya ci gaba da haka a 1980. Aka soke hukumomin ciniki a 1986, aka janye rangwamen taki a 1997, aka mayar da shi a 1999.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Abu mai araha kuma ƙalilan, mai ƙarfi ne yake fara samunsa. Buhu yakan bi ta hannun ɗan kwangila da jami'i da ɗan siyasa kafin ya isa ƙauye, sau da yawa bayan damina ta yi nisa. Wani kuma yakan tsallake iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, inda ya fi tsada, alhali kuwa ƙasar Gumel a bakin iyakar take. Don toshe wannan ɓaraka ne a 2012 ministan gona Akinwumi Adesina ya fito da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar hannu, ya karɓi buhu 2 a rabin farashi. Shi ma tsarin ya ci karo da bashin da dillalan taki suka biyo gwamnati.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Sa'ad da gwamnati take karɓa, hanyarta ta kai kowace gona. Sa'ad da ta zo bayarwa, hanyar ta tsaya a ma'ajiya. Manomin Ɗanzomo ya koma wa riɗi da zoɓorodo ba tare da wata hukuma ta yanke masa farashi ba. Ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su riƙa auna kowane shiri da abin da ya isa gona kafin shuka, domin adadin da aka rubuta a kasafin kuɗi ba ya sa gero ya yi zangarniya.